TARIHIN GANDUN DAJIN GASHAKA-GUMTI DA ABIN DA YA HAƊA SHI DA MU MUTANEN POTISKUM

A ci gaba da kawo muku tarihin yankinmu na Arewa maso Gabas, yau za mu bar fakon ƙasarmu mu hau tudu, mu leƙa wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba, alhali kuwa akwai lokacin da gwamna ɗaya ke mulkinmu da shi.

Idan aka tambayi yaranmu na sakandare wane dutse ne ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wasu za su ce Zuma, wasu su ce duwatsun Jos, wanda ya ɗan yi yawo ya ce na Gwoza. Amsar ita ce Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 daga matakin teku, yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru a Jihar Taraba, a can ƙuryar kudu ta gandun dajin Gashaka-Gumti. Garinmu Potiskum bai kai mita 500 daga matakin teku ba. Ke nan wanda ya tsaya a ƙololuwar Chappal Waddi ya ɗara wanda ke tsaye a tashar motarmu da kusan kilomita biyu a tsaye cak.

Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin da ke hannun Gwamnatin Tarayya, fāɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ya samo sunansa daga tsofaffin garuruwa biyu, Gashaka a Jihar Taraba da Gumti a Jihar Adamawa, hedikwatarsa kuma tana Serti. Mai son zuwa daga nan sai ya bi ta Ngalda da Bajoga zuwa Gombe, ya wuce Kaltungo zuwa Numan, ya gangara Jalingo, daga nan Garba Chede, Bali, sannan Serti. Hanyar da direbobinmu masu zuwa Gembu suka sani ce, domin daga Serti ake zarcewa Mayo Selbe a fara hawan tudun Mambila.

Abin da ya bambanta wannan daji da sauran shi ne kamar ƙasashe uku ne aka jera ɗaya bisa ɗaya. Ɓangaren arewa, wajen Gumti da Toungo, shimfiɗaɗɗen daji ne mai dogayen ciyayi da itatuwan da muka sani: ɗorawa, kaɗanya, maje, kawo, maɗaci. Mutumin Fika ko Gulani ba zai ji baƙunci sosai a nan ba. Da an nausa kudu sai ƙasa ta fara tashi, kwazazzabai su zurfafa, a shiga kurmi mai duhu irin wanda muke ɗauka sai a kudancin ƙasar nan ake samu, inda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. In aka ci gaba da hawa kuma sai kurmin ya tsinke, a fito sararin tudu mai gajeriyar ciyawa, iska na kaɗawa, hazo na wucewa ta gaban mutum, sai 'yan guntayen kurmi da suka maƙale a bakin ƙoramu da lungunan duwatsu. Fulanin wurin suna kiran irin wannan tudu Chappal, rafi kuma Mayo. Ɗaya daga cikin manyan tuddan ma sunansa Chappal Hendu, wato tudun iska.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri shida. Sannan iskar damina da ke tasowa daga Tekun Atilantika ɗauke da danshi, in ta ci karo da waɗannan duwatsu dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, sai ta zubar da ruwanta. Shi ya sa arewacin gandun ke samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, amma a tuddan kudu yakan doshi 3,000. Mu nan shekarar da muka samu 800 godiya muke yi. Duwatsun kansu wani sashe ne na jerin tuddan da suka taso daga bakin teku a Kamaru suka miƙe arewa maso gabas, kuma masana ƙasa suna danganta tudun Biu da ke maƙwabtaka da mu, mai tafkin Tila a bakin tsohon dutse mai aman wuta, da wannan jeri.

To yaya aka yi wannan wuri ya zama Nijeriya? Nan ne tarihin ya fi daɗi, domin da ƙuri'a aka same shi.

Kafin zuwan Turawa yankin Gashaka yana cikin daular Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma gidan sarautar Gashaka dangi ne da na Banyo da ke cikin Kamaru a yau. A wancan zamani babu wata iyaka a kan waɗannan duwatsu, fatake da makiyaya suna hawa suna sauka abinsu. Da Turawa suka zauna a ƙasarsu suka raba Adamawa a kan takarda, sai Yola ta faɗa hannun Ingila, wadda ta ci garin da yaƙi a 1901, mafi yawan ƙasar Lamiɗo kuwa ta faɗa hannun Jamus. Gashaka na cikin rabon Jamus. Har yau akwai kufan sansanin sojan Jamusawa a kan tudun da ke kusa da tsohon garin Gashaka, kuma yana cikin abubuwan da ake kai baƙi su gani.

Mulkin Jamus bai yi tsawon rai ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila da na Faransa suka shiga Kamaru, a cikin rundunar Ingila akwai 'yan Arewa da yawa, aka gwabza a kan dutsen Banyo a watan Nuwamba na 1915, kuma zuwa farkon 1916 an gama da Jamusawa. Faransa ta ɗauki kaso mafi tsoka. Ingila ta samu wani siririn zirin ƙasa a gefen iyakar Nijeriya, wanda aka ba ta riƙon amana, da farko a ƙarƙashin tsohuwar majalisar ƙasashen duniya, daga 1946 kuma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashen arewa na wannan ziri ya faro daga Dikwa da Bama da Gwoza, ya bi ta Mubi, ya tsallake Yola, ya ci gaba ta Ganye da Toungo da Gashaka har Mambila. Turawan Ingila ba su kafa masa gwamnati ta daban ba, sun jingina shi da lardunan Arewa ne suna mulki, amma a shari'ance ba Nijeriya ba ne.

Da 'yanci ya matso sai aka ce a tambayi mutanen wurin. A ƙuri'ar farko, cikin Nuwamba 1959, mafi rinjaye suka zaɓi a ɗage maganar zuwa gaba maimakon su shiga Jihar Arewa nan take. Wannan sakamako ya girgiza gwamnatin Kaduna, domin ya nuna mutane na da ƙorafi a kan yadda hukumomin En'e na Yola da Dikwa ke tafiyar da su. Sardauna Ahmadu Bello ya fahimci saƙon, aka yi gyare-gyare a mulkin gargajiya na yankin, aka kuma yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. A ƙuri'a ta biyu, cikin Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, da hedikwata a Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo bai ji daɗi ba ko kaɗan, har ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a Kamaru, ya kuma kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar. Wani abin lura da ba a cika faɗa ba: a ƙuri'ar 1961 mata sun jefa tasu, bisa sharaɗin Majalisar Ɗinkin Duniya, a lokacin da iyayenmu mata na sauran Arewa ba su da wannan dama, sai bayan shekaru goma sha biyar da 'yan kai. Da ƙuri'un nan sun juya, da dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan yana wata ƙasa, haka ma Bama da Gwoza da Mubi.

A watan Mayu 1967 Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu, Lardunan Borno, Bauchi, Adamawa da Sardauna suka haɗu suka zama Jihar Arewa maso Gabas, da babban birni a Maiduguri. Daga wannan rana har zuwa Fabrairu 1976, Potiskum da Gashaka jiha ɗaya suke. Ma'aikacin gandun daji ko malamin dabbobi ɗan Potiskum ana iya tura shi Serti ko Gembu da takarda ɗaya, kuma duk motar gwamnati da za ta Kano ko Jos daga Maiduguri ta cikin garinmu take bi. A wannan zamani ne, shekarar 1972, lokacin Gwamna Musa Usman, gwamnatin jihar ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti da Serti a matsayin wuraren kare namun daji. Saboda haka idan muka ce muna da hannu a kafa wannan gandu ba cika baki ba ne, da harajin jihar da iyayenmu ke biya aka fara shi.

Abin da ya kamata a sani shi ne ba don dabbobi kaɗai aka keɓe wurin ba. Tun a 1966 wani binciken ƙasa da aka yi a kudancin Lardunan Sardauna da Adamawa ya jawo hankalin hukuma ga muhimmancin waɗannan duwatsu a matsayin mafarin ruwa. Kogunan Kam da Gashaka da Yim da Gamgam duk daga nan suke fitowa, su haɗu su ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Kurmi da ciyawar kan tudu suna aiki kamar soso, su sha ruwan damina su riƙe, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. In aka aske tudun, ruwan zai gangaro lokaci guda ya zama ambaliya a watan Agusta, zuwa watan Maris kuma kogi ya zama yashi. Mu ma muna da kaso a wannan kogi, domin ruwan da ya sauka a kudancin jiharmu, wajen Ngalda da Gulani, Kogin Gongola yake bi ya faɗa Binuwai a Numan, ya gangara ya haɗu da na Taraba a gaba.

A 1976 aka raba jihar gida uku, mu muka zauna a Borno, Gashaka ta tafi Gongola. Sai kuma wani dace: ranar 27 ga Agusta 1991 da Janar Babangida ya yanke mana Jihar Yobe, a ranar ce aka raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba, dajin ya tsinci kansa a jihohi biyu. A cikin wannan shekara dai dokar soja mai lamba 36 ta ɗauke shi daga hannun jiha ta mayar da shi gandun dajin ƙasa. Dokar nan ita ce kuma ta kafa gandun dajin Tafkin Chadi, wanda sassansa biyu ke cikin jiharmu, wato fadamun Bade da Nguru inda Dagona take, da kuma tafkunan cikin rairayi na Bulatura a ƙasar Yusufari. Shekarun Yobe da na gandun Gashaka-Gumti da na Dagona a matsayin gandun ƙasa duk ɗaya ne.

Game da namun dajin, ya kamata a fara da wanda ya fi suna. Mutanen Gashaka suna kiransa biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta ratsa kurmi kamar ana kiɗa. Shi ne babban birin nan marar wutsiya da ya fi kowace dabba kama da ɗan Adam. Irin da ke Gashaka jinsi ne na musamman da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, kuma an ƙiyasta duka-duka waɗanda suka rage ba su kai dubu goma ba. Gashaka-Gumti na ɗaya daga cikin manyan mafakarsu, inda aka yi ƙiyasin akwai kimanin dubu guda. A shekarar 2000 wani farfesa na wata jami'ar Landan, Volker Sommer, ya kafa sansanin bincike a Kwano cikin kurmin, gidan ajiye dabbobi na Chester da ke Ingila kuma ya daɗe yana tallafa wa aikin. Abin da suka gano na da ban mamaki. Biran suna karyo reshe su gyara shi su zura a ramin ƙudan zuma su ɗebo zuma, suna kuma amfani da wani tsinken su kwaso tururuwar nan mai tafiya a jere mai cizo su ci. Amma ba sa cin gara, alhali 'yan uwansu na wasu ƙasashe da tsinke suke kamo ta a jikin suri. Wato su ma kowane yanki da irin cimarsa, kamar yadda mu da mutanen Taraba muka bambanta a kan miya.

Akwai wani bincike kuma a kan gwaggon biri da manomanmu za su fahimta da kyau. An kwatanta garke biyu, ɗaya a can cikin kurmin Kwano, ɗaya kusa da gonakin ƙauyen Gashaka. Masu satar masara da rogo sun fi saurin haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Manomin da ke kwana a bukka yana korarsu bai buƙaci jami'a ta gaya masa haka ba.

Ban da waɗannan akwai biri mai roro, baƙi da farin gashi mai zubowa kamar alkyabba, da wasu birai na kurmi iri-iri. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, maraya, mazo da gada kala-kala. A kan duwatsu akwai gadar dutse mai tsayawa a kan tsinin kofato, da wani irin kwanta-rafi na kan tudu da ba a samunsa sai a wannan yanki na Adamawa. Akwai aladen daji iri uku, ciki har da wani ƙato baƙi na kurmi wanda ya fi gadu girma nesa ba kusa ba. Akwai damisa, da dorina da kada a Kogin Kam. Na'urorin ɗaukar hoto masu aiki da kansu da aka ɗaure a jikin itatuwa sun kamo har da babban ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da masu fasa-ƙwauri ke nema ruwa a jallo don kai ɓawonsa ƙasashen Asiya. Tsuntsaye kuwa an ƙirga iri fiye da 500. Sai dai ba duka aka tsira da su ba. Giwa ta daɗe da ƙaura daga dajin, zaki da kyarkeci kuma, waɗanda tsofaffin rahotanni suka ambata, yau sai dai labari.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ta fi shafarmu, wato shanu, tunda mu ne masu kasuwar shanun da ake ji da ita a duk Afirka ta Yamma.

Saman waɗannan tudu babu tsando, saboda sanyi. Inda babu tsando babu sammore, ga ciyawa, ga ruwa rani da damina. Ga makiyayi wannan aljannar duniya ce, shi ya sa Fulani suka hau da garkunansu suka zauna tun kafin a kafa gandun. Da gwamnatin Maiduguri ta zo keɓe dajin sai ta fuskanci tambaya mai wuya: a kore su ko a bar su? A ƙasashe da yawa na Afirka korar mutane aka yi da bakin bindiga, har yau kuma ba a gama rigimar ba. A Gashaka-Gumti sai aka ɗauki wata hanyar. Aka shata wasu wurare a cikin dajin, irin su Chappal Hendu, Chappal Delam, Filinga, Sabere da Gumti, aka ce mazauna su ci gaba da kiwo da noma a cikinsu, da sharaɗin ba farauta, ba kuma ƙetare iyaka. A ganinmu wannan hikima ce, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka yi ta. Bafulatanin da ya san cewa zamansa ya dogara da zaman dajin shi ne zai fara kai rahoton baƙon mafarauci.

Amma yarjejeniya irin wannan tana tsayawa ne in adadin shanu ya tsaya, shi kuwa bai tsaya ba. Garke na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Kowace shekara ana cinna wa ciyawa wuta don sabon toho ya fito, wutar kuma takan lashi gefen 'yan kurmin da ke bakin ƙoramu, shanu su tattake 'yan itatuwan da ke tasowa, kurmin ya riƙa ja da baya taku-taku. Da rani kuma garkunan kan tudu sukan gangaro kwari, ga kuma baƙin garkuna masu shigowa daga nesa. A nan ne ya kamata mu yi wa kanmu adalci kafin mu ɗora wa makiyayi laifi. Fari na shekarun 1973 da 1984, da cinye burtali da makiyaya da gonaki suka yi a yankuna irin namu, da kuma rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan, su ne suka tura dubban shanu kudu. Saniyar da ta rasa wurin kiwo a Yobe ko Borno ba ɓacewa take yi ba, wani wuri take zuwa, kuma sau da yawa wurin gandun daji ne. Wanda ya nome burtali a nan yana da kaso a cikin abin da ke faruwa a can, ko da bai taɓa jin sunan Gashaka ba.

Haɗuwar shanu da namun daji ta taɓa jawo babbar asara. Dattawan kasuwarmu ba su manta da bushiyar 1983 ba, wadda ta karkashe shanu a duk Arewa, ta mayar da masu garke matalauta cikin 'yan makonni. Cutar ba ta tsaya kan shanu ba. Ta shiga Gashaka-Gumti ta kashe ɓauna da sauran dabbobi masu kofato masu yawan gaske, kuma an ɗauki shekaru kafin su fara farfaɗowa. Abin takaicin shi ne an riga an yi babban gangamin rigakafi tun daga 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi har aka ɗauka an gama da cutar, sai aka yi sakaci, ta dawo. Sai a 2011 aka tabbatar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Allurar da malamin dabbobi ke yi wa saniya a Potiskum, ashe har ɓaunar kan iyakar Kamaru take karewa.

Masifa ta gaba daga kasuwar duniya ta zo. A shekarun da suka biyo bayan 2010 masu sayen katako daga ƙasar Sin suka buɗe ido a kan madobiya, itacen da 'yan katako a Taraba suka laƙaba wa suna madrid, wanda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da shi. Cikin 'yan shekaru aka share shi daga dazuzzukan Bali da kewaye, manyan motoci suna jigilar gungume dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, da ya ƙare a waje kuma masu injin yanka suka fara kutsawa cikin gandun. A 2016 aka sa itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Madobiya kuwa ba katako kaɗai ba ce, ganyenta na cikin abin da makiyaya ke sassaɓo wa shanu da rani. Kuɗin ya tafi, inuwar ta tafi, abincin shanun ma ya tafi. A kan wannan ga masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, ga mafarautan da ke kyafe nama su kai kasuwannin kudu, su kuwa masu gadin dajin 'yan ƙalilan ne, ga ƙasa mai faɗi da duwatsun da mota ba ta hawa.

A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Dajin Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara talatin da wata gidauniya ta 'yan Nijeriya mai suna Africa Nature Investors domin tafiyar da gandun tare. An ɗauki sababbin masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, an horar da su, an ba su kayan aiki, ana kuma zama da ardo-ardo da masu unguwanni a kan maganar kiwo. Mun fi gamsuwa da ɗaukar 'ya'yan wurin fiye da komai a cikin tsarin, domin wanda ya tashi a gindin dutse shi ya san hanyar da ɓarawo ke bi.

Mun san akwai masu cewa wannan duk shagalin Turawa ne, mutum bai ƙoshi ba wa zai damu da biri. Wanda ya fito daga Arewa maso Gabas bai kamata ya faɗi haka ba. Sambisa ma a da gandun namun daji ne, mai giwaye da jiminu da masaukin baƙi da ma'aikata masu albashi. Da aka yi watsi da shi, hanyoyinsa suka mutu, masu gadi suka janye, ba wanda ya san mai shiga da mai fita, kowa ya ga waɗanda suka gaje shi, kuma mu a Potiskum mun biya kuɗin wannan sakaci da jinin 'yan uwanmu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Gashaka-Gumti yana kan iyakar ƙasa da ƙasa, yana da kwazazzabai da kurmin da jirgin sama ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Albashin mai gadin irin wannan wuri kuɗin tsaro ne, ko da sunan biri aka biya shi.

Namu na gida ma na buƙatar ido. Dagona, wadda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarta a 1989 saboda tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a wurin, rayuwarta ta dogara ne da ambaliyar Kogin Hadeja da na Jama'are. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliyar ya canja, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyayan Bade da Nguru suka shiga wahala tare da tsuntsayen. Abin da mutanen Kano suka yi da ruwa a sama shi ya sauko kan mutanen Gashuwa, kamar yadda abin da aka yi da kurmin Chappal Hendu zai sauka kan masuntan Ibi da Makurɗi.

Ga masu sha'awar zuwa, musamman malaman makarantunmu masu shirya wa ɗalibai tafiyar buɗe ido, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye har a iya ƙetare su, ciyawa kuma ta kwanta. Ana fara neman izini da ɗan jagora a ofishin gandun da ke Serti, kuma a tuntuɓe su a kan halin tsaron hanya kafin a tashi. Mai niyyar hawan Chappal Waddi kansa yawanci ta tudun Mambila ake zagayawa, ta Nguroje zuwa ƙauyen Njawai, daga nan a kama tafiyar ƙasa. A tafi da bargo da rigar sanyi mai kauri, domin sanyin daren can ya wuce hunturun da muka saba da shi a nan.

Sakataren Ƙungiya, Potiskum.